Kwamfuta "Ya" Cinye Maki: Wasiƙa Zuwa ga Bawana na Zazzau

Gaisuwa irin ta ubangida ga bawansa. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya, rake ya yi kyau bana, kuma hawan jinin da ya taso maka daren Alhamis ya sauka. Kada ka tsaya tambayar wa ya kai mini rahoto. Kai da bakinka ka tashe ni ƙarfe ɗaya saura na dare, murya na rawa, kana cewa, "Kwamfuta ya cinye mini maki." Na ce wa? Ka ce kwamfuta. Na ce to ai daga nan ɓarakar ta faro. Shekara nawa tana zaune a ofishinka, har yau ba ka san mace ce ba. Ku Zagezagi kun ce uwa "ya zo", kun ce amarya "ya tare", an yi muku shiru, yanzu kun iso kan na'urar mutane. Wace macen ce za ka yi ta kira da "shi" safe da yamma, sannan ta riƙe maka amana?

Masu karatu, ku yi mini uzuri, yau filin nan na cikin gida ne. Wanda nake wa magana Dakta ne, malamin jami'a, Bazazzage ɗan cikin ganuwa. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi muna ɗalibai, ya ci gurasata shekara huɗu bai taɓa sayen ko ƙullin yaji ba. Ba a Zariya yake koyarwa ba. Zariya ta tara malamai har suka yi mata yawa, da aka tashi rage kaya sai aka fara da shi, aka cilla shi wata jiha. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba, don ba ita ta yi laifin ba.

Kai dai ka san halinka. Ba a minti goma da kai ba ka karanto mana tarihin bokon garinku ba. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kwalejin Barewa ta tare a Zariya a 1949, nan kuma sai ka yi tari ka tsallake cewa a Katsina aka haife ta tun 1921. Jami'ar Ahmadu Bello, 1962. Sai ka gyara zaman hula ka ƙarasa da wadda ka fi so: wai jami'armu ta Bayero a bayan taku aka goya ta, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1977. In na ce maka bawa, ka ce ai a rabon aikin Hausa Bakwai ku aka ba sarautar bayi, mu aka bar mu da baba da karofi. To wanda aka tura ya samo bayi ai ɗan aike ne, amma bar wannan sai mun haɗu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda jikan wannan tulin ilimi zai zauna gaban allo mai gurabe kamar na dara, gumi na bin wuyan rigarsa, ya rasa inda zai jefa ɗa.

Na san abin da kake kewa. Littafin nan ne mai baƙin bango da jan gindi, wanda kake ɗaure wa da roba kamar kuɗin dillalin shanu. Kana kewar zaman dare da jan biro da kalkuleta, kana haɗa makin gwaji da na jarrabawa ɗalibi bayan ɗalibi, in ka kai na ɗari biyu gyangyaɗi ya fara, 7 ta koma 1, 38 ta juye ta zama 83. Kana kewar tifeks, wanda a hannunka ya fi sabulu wanki. Daga nan a kai wa mai tafireta shi ma ya barbaɗa nasa gishirin, a miƙa wa jami'in jarrabawa, a yi zaman sashe, a yi na tsangaya, a kai majalisar jami'a, sannan a manna a allon sanarwa. Ɗalibai su yi ta turereniya, mai kuka na yi, mai guɗa na yi, kafin la'asar wani da ya sha ƙasa ya yage takardar ya tafi da ita. Wanda bai ga lambarsa ba kuwa ya shiga uku. Ɓatan sakamako, abin da yara ke kira misin, ya sa wasu sun maimaita kwas ɗin da suka riga suka ci. Wasu har abokansu su je bautar ƙasa su dawo, suna nan suna sintiri a bakin ofis da fayil a hammata.

A wancan zamani kuwa uzuri ba ya yanke maka. Gara ta ci. Rufin ofis ya yi yoyo. Masinja ya kai wani sashen. Akwai shekarar da ka ce mini akuya ce. Na ce a hawa na biyu? Ka ce akuyar jami'a ce, ta san hanyar bene.

To ga shi an kawo littafin maki na intanet, akuya ta rasa aikin yi. Kuma abin ba wani tsafi ba ne. Kowane ɗalibi da layinsa a kwance, kowane gwaji ko aikin gida da nasa layin a tsaye, inda suka haɗu nan ne gurbin da za ka sa maki. Sau ɗaya za ka gaya masa kason kowane aiki, shi zai yi ta tarawa ba gyangyaɗi. Ɗalibi kuma daga wayarsa zai ga nasa, nasa kaɗai, ba sai duk gari ya san ya faɗi ba. Naku an ɗora shi ne kan Moodle, manhajar da ta fito a 2002, wadda kyauta ake ɗaukarta. Wanda ya ƙirƙiro ta, Martin Dougiamas, mutumin Ostareliya ne da ya tashi a cikin hamada nesa da kowace makaranta, har karatun firamarensa ta rediyo ya yi shi. Ka ji fa. Wanda ya yi firamare ta rediyo ya gina abu, mai digiri uku daga birnin ilimi ya kasa danna shi. Kuma kada ka ce mini sabon abu ne. Google Classroom tun 2014 yake. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, wato kusan duk yaron da ke zaune gabanka yau ta kan allon ya shigo jami'a. Ko lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu kowa ya koma lalubar yadda zai koyar daga gida, kai gona ka tafi, ka ce in an gama a kira ka.

Mu Kanawa ba mu sha wahalar gane shi ba, kuma dalilin shi ne abin da kuke zaginmu da shi. Kun ce ba mu san komai ba sai kuɗi. To tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, muke cin Kasuwar Kurmi, kuma wanda ya daɗe a kasuwa ya san littafin bashi. Ranar da na fara buɗe littafin maki na intanet, na duba na ce ashe kai ne. Suna a hagu, kaya a sama, jimla a dama. Yaron kanti a Kwari da bai gama sakandare ba zai koya maka shi tsakanin azahar da la'asar, in dai za ka iya sauke girman kan digiri ka zauna a benci.

Mu dawo kan makin da aka cinye. Da na bi diddigi, ga abin da ya faru. An ba ku mako uku ku shigar da maki. Ka bari sai daren ƙarshe. Ka zauna tun bayan isha'i kana cika gurabe da yatsa ɗaya, sama da ɗalibi ɗari uku, ba ka danna maɓallin adanawa ko sau ɗaya ba, abin da yara ke cewa sebin. Ka tashi cin tuwo, ka tsaya sauraron labarai, ka dawo ka tarar shafin ya gaji da jira ya fitar da kai. Ka sake shiga, gurabe fayau kamar ba a taɓa su ba. Babu abin da kwamfuta ta ci, Dakta. Ba ka ba ta ajiyar ba. Kamar mutum ne ya je banki ya ƙirga kuɗinsa a kan kanta, ya mai da su aljihu ya koma gida, gobe ya zo yana ihu ba a sa masa a asusu ba.

Wannan ma mai sauƙi ce. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta tsakiyar zango, kuma a nan zan ɗan daɗe, don ba kai kaɗai take kayarwa ba. Makin aikin zango a wurinku 30 ne, ka raba shi uku: gwaji biyu da aikin gida ɗaya, kowanne maki 10. Akwai yaron da ya zauna gwajin farko ya ci 8, daga nan ya ɓace, ba gwaji na biyu, ba aikin gida. Kai kuma da ka zo kansa ka ce ai bai yi ba, sai ka bar gurabensa biyu ba komai ka wuce. Shi kuwa littafin, yadda aka saita shi tun daga gida, ba ya lissafa gurbin da aka bari fayau. A wurinsa gurbi fayau na nufin malam bai duba ba tukuna. Sai ya ɗauki 8 cikin 10 ɗin nan kaɗai, ya rubuta wa yaro kashi 80 cikin ɗari. Yarinyar da ta yi duka ukun, ta ci 7 da 7 da 7, tana zaune da kashi 70, a ƙasan wanda ko hanyar ajin ya manta. Ka kuma bar layin jimlar a buɗe, ba ka ɓoye shi ba sai ka kammala, alhali akwai wurin ɓoyewa. Yaro ya leƙa waya ya ga 80, ya buga wa gida. An ce har waina aka yi sadaka.

Da wani ƙaramin malami ya ankarar da kai, ka bi guraben ka cika su da sifili cikin dare. Gari ya waye, mai 80 ya koma 8 cikin 30, bai kai kashi 27 ba. Kafin ƙarfe tara bakin ofishinka ya cika kamar ana rabon taki, kai kuma ka kulle ƙofa ta ciki, kana leƙe ta labule, kana aika mini saƙo wai in taya ka da addu'a.

Tambayi kowane mai shago a Kano, zai gaya maka "bai biya ba" daban, "ba a rubuta ba" daban. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya ba ya shekara a kasuwa. Sifili hukunci ne, ka duba ka ga babu. Gurbi fayau kuwa shiru ne, kuma shirun malami na'ura ba ta san fassararsa ba. A tsohon littafinka kana jan ɗan layi a wurin, kai kaɗai ka san ko layin na nufin bai zo ba, ko takardarsa ta ɓace, ko ka manta. Shekara ashirin kana fakewa a bayan ɗan layin nan. Yanzu an ce ka fito fili ka faɗi wanne ne, shi ne ka ce bokon zamani ya lalace.

Sai ta jarrabawa. Ka yi makin takardu a kan 70 kamar yadda aka saba, amma layin jarrabawar a littafin an bar shi a kan 100, ba ka duba ba. Duk abin da ka zuba, shi yana ɗauka cikin ɗari ne, sai ya rage shi zuwa kashi 70. Mai 56, wanda in an haɗa da 24 ɗinsa na aikin zango ya tashi da 80 cif, ya koma 39.2 a jarrabawa, jimla 63.2. A ta zama B. Mai 30 da 15, da ya tsira da 45, ya koma 21 da 15, jimla 36. Ya faɗi. Ka zo zaman sashe da sakamakon da babu A ko ɗaya, masu kariyoba kuwa kamar fari, ka miƙe kana jawabi kan yadda yaran yanzu ba sa karatu sai latsa waya. Allah ya sa jami'in jarrabawarku mai ido ne.

Dariya nake, amma kai ma ka san wurin ba na dariya ba ne zalla. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 B ce mai 4, 50 C mai 3, 45 D mai 2, 40 E mai 1, ƙasa da 40 kuwa F, babu ko ɗaya. Kwas mai yunit 3 in an ci A ya ba da 15. Yaron da ya ɗauki yunit 18 a zango, ka mai da masa A ta koma F da kuskuren yatsa, ka zabge masa 0.83 daga matsakaicin makinsa na zangon. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50. Akwai wanda tazararsa da matakin gaba ba ta kai 0.05 ba, kuma da wannan matakin za a tace shi a neman aiki ko gurbin ƙaro karatu. Yatsan nan naka guda ɗaya da kake dannawa da shi kamar mai tsoron kunama, abincin wani yake riƙe da shi.

Laifi tudu ne, na sani, kuma tun da kai za ka tona ni a mako mai zuwa gara in riga ka. Ni ma na taɓa yin tawa. Na shirya maki a Excel, sai na ga sunayen a hargitse, na ce bari in jera su daga A zuwa Z su yi kyau. Na zaɓi layin sunaye shi kaɗai na jera, layin maki yana nan inda yake. Sunaye suka yi ta sauya wuri, maki bai motsa ba. Wani Abubakar da ko rabin lakca bai halarta ba ya wayi gari da 81, wata Zainab da ke jan ajin ta tashi da 29. Bambancina da kai shi ne, ni Bakano ne, ban yarda da jimlar da ban taɓa da hannuna ba. Na zaro takardun amsa guda goma na gwada da abin da ke allo, na farko ma bai dace ba. Ban ɗora ba, ban kira kowa ƙarfe ɗaya na dare ba, kuma ban ce kwamfuta "ya" yi ba. Tun ranar ban ƙara ɗora maki da suna ba, sai da lambar rajista. A ajin da za ka sami Abubakar Muhammad uku da Aisha Ibrahim biyu, suna ba shaida ba ne.

Yanzu mu zo inda ka fi jin kunya. Da aka ce lambar sirri sai ta haɗa babban harafi da ƙarami da lamba da wata alama, ka ce wannan ai laya ce ba lamba ba, ka rubuta ta a takarda ka manna a goshin kwamfutar. Bai ishe ka ba, ka kira wakilin aji ka ce yaro ne mai hankali, ya taya ka shigar da makin gwaji. Mai hankali ne kam. Abin da bai sani ba, kai ma ba ka sani ba, littafin yana da wani shafi na tarihin maki. Duk gurbin da aka taɓa, yana rubuta rana da lokaci, da makin da ke wurin a da, da wanda aka mai da shi, da sunan wanda ya shiga ya taɓa. Nan aka ga 4 ta zama 9 ƙarfe biyu da 'yan mintuna na dare, a layin wata ɗaliba, kuma sunan da ke gefe naka ne. Kai da ke minshari tun ƙarfe goma. Na so a ce ina wurin lokacin da shugaban sashe ya juyo maka da allon. Ka kuma tuna tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, makin ɗalibi kuwa bayaninsa ne, ba naka ba ne da za ka miƙa wa wanda ka ga dama.

Amma dubi ikon Allah. Shafin da ya kunyata ka shi ya wanke ka, don ya riƙe tsohon makin, aka ɗauko takardar aka ga 4 ce da jan bironka. Da a littafinka mai baƙin bango ne, ɗigon tifeks ɗaya ya gama magana, har ka yi ritaya ba za ka sani ba. Ina zargin ma abin da ke ba ka haushi ke nan. Ba wahalar dannawa ba ce, don na ga yadda yatsan nan ke gudu a Facebook in ana musun siyasa. Abin da ba ka saba da shi ba shi ne littafin da ba ya mantuwa, ba ya kara, kuma ɗalibi na iya leƙa shi. Da sai ƙarshen zango yaro zai san matsayinsa, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Yanzu mako biyu da gwaji in bai ga komai ba zai zo ya yi sallama cikin ladabi ya ce, "Malam, har yanzu gurbina ba komai." Kai kuma ka san takardun suna bayan mota tun ranar, ƙarƙashin buhun masara.

Akwai kuma alherin da ya yi maka da ba ka taɓa gode masa ba. Ka tuna yadda wayarka ke ruri duk ƙarshen zango? Kawu ya bugo, ɗan maƙwabcin surukinsa ya ci 38, a duba. Wani babba ya aiko da gaisuwa da kwalin turare. Kai kuma Bazazzage, kunya kamar amaryar ƙauye, ba ka iya cewa a'a, sai ka yi ta zufa kana "to, za a gani". Yanzu da zarar an amince da sakamako an kulle, ko kai ba ka iya taɓawa sai da takarda da sa hannun na sama. Na ji ka da kunnena kana gaya wa wani dattijo, "Wallahi Baba, kwamfuta ya kulle." Murya har da ɗan karyewa, kamar abin ya dame ka. Ranar kam ba ka zage ta ba.

Sai dai ka kula da 'yan ɗigo. In ka sa littafin ya riƙa nuna maki ba ɗigo, yaro mai 69.6 zai ga 70 a wayarsa, ya ga B a gefe, don harafin da ainihin makin ake yanke shi. Zai zo maka da waya a hannu, kuma yana da gaskiya. Ka yanke tun farkon zango ko ana cike rabin maki ko ba a cikewa, ka faɗa a aji, ka saita iyakar haruffan a kan haka, ta hau kan ɗan kowa. Ni a ganina cikewar ba laifi ba ce. Laifin shi ne a cike wa mai kawu a bar maraya.

Ba zan hana ka taka gaskiyar ba, ko da yake ba ta da yawa. Wuta ba ta zama. Intanet ɗin ofis sai ya ga dama. Data daga aljihunka take fita, daga albashin da ka san yadda yake. Daren ƙarshe duk malaman jami'a suna rububin ƙofa ɗaya, shafin ya yi ta juya ɗan zobensa har asuba. Aji ɗaya ɗaruruwa, malami ɗaya. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ce a koma intanet, ya kamata ya fara tambayar da wace wutar. Duk na yarda. Amma maganin ai ba ɓoyayye ba ne: ka cika makinka a Excel ko babu intanet, ka ɗora fayil ɗin gaba ɗaya da sassafe lokacin hanya ba cunkoso, ka gwada goma da takardunsu, ka sauke kwafi ka ajiye a fulash, ka buga ɗaya a takarda ka sa hannu. Littafinka mai baƙin bango ma kada ka jefar. Ni kaina ina da irinsa a durowa, sai dai ni ba na rungume shi in kwana.

Abu ɗaya ka yi da na sara maka, kuma kada ka saba. Cikin masu gurbi fayau ɗin nan akwai yarinyar da ba ka sa wa sifili ba. Ka tsaya ka tambaya, aka ce mahaifinta ne ya rasu a makon gwajin, ta tafi gida zaman makoki. Littafin ba shi da hanyar sanin wannan. Yana da dai wurin da malami zai cire wa ɗalibi wani aiki daga lissafi saboda uzuri, kuma ba ka san wurin ba, sai ka sa aka nemo ta ka yi mata gwajinta ita kaɗai a ofis. Da ka ba ni labari na ce a raina ashe zaman da ka yi da Bakano shekara huɗu bai tafi a banza ba.

Saboda haka ga umarnin ubangida. Ranar Asabar ka kamo hanya, in ka wuce Kwanar Dangora ka bugo in sa a ɗora shayi. Ka taho da kwamfutar, ka taho da cajarta, don wancan karon gangar jikin kawai ka kawo. Ka cire takardar nan ta goshinta kafin ka shiga mota. Ka haɗo da rake ɗauri ɗaya da mazarƙwaila, kuɗin makaranta ke nan. Autana mai shekara goma sha biyu ya ce zai karɓe ka bayan ya dawo daga islamiyya, amma ya roƙa a gaya maka ba ya son ɗalibi mai gardama.

Sannan akwai maganar kuɗin shara. Muharram uku ke nan ba ka aiko ba. Na buɗe maka layi a nawa littafin, gurabe uku, duk suna nan fayau. Ban sa sifili ba tukuna. Kana da zuwa Asabar, ƙarfe goma sha biyun dare, daga nan zan kulle.